Ƙeyar Kyaftin Halvor

A garinmu na Ostrander Falls, in kana neman wanda ya fi kowa sanin wasan finbol, ba sai ka wahalar da kanka da tambaya ba. Norbert Pekarek zai same ka da kansa, ya tare ka a bakin shagon cuku ko a harabar coci, ya gaya maka cewa shi ne. Shekara talatin ya yi yana sayar da tayoyin mota, da ya ajiye aiki sai ya tare a ɗakin ƙarƙashin gidansa, inda ya jera injinan finbol guda uku, dogayen akwatunan nan masu ƙafa huɗu da rufin gilashi da ake harba ƙwallon ƙarfe a cikinsu, a yi ta tare shi da fikafikai kada ya zurare rami. A bakinsa, babu injin da ya taɓa fitowa daga Chicago da bai san hanjinsa ba. A hannunsa kuwa, Allah dai ya rufa asiri. Ƙwallo uku ake ba kowane ɗan wasa, nasa ukun sukan zurare kafin kofin mutum ya huce, kuma kullum laifin daɓe ne da bai daidaita ba.

Duk ranar Asabar da rana, 'yan ƙungiyar finbol ta garin, su goma sha huɗu, a ɗakin nan suke taruwa. Al'adarsu ita ce duk shekara, ranar Juma'ar ƙarshe kafin makon Ista, bayan an ci soyayyen kifi a zauren coci, sai a ɗaga hannu a zaɓi gidan da za a riƙa haɗuwa. Wanda injinsa ya fi, gidansa ake zuwa, shi ne kuma shugaba. Shekara goma sha ɗaya ke nan Norbert yana riƙe da wannan kujera, kuma ba ya da abin da yake so a duniya kamar ta. Sauran kwana shida na mako jiran Asabar kawai yake yi.

A saman matakalar ɗakin ya kafa wani allo da manyan baƙaƙe: CIRE ƘWALLAYE KAFIN KA ƊAGA FARANTI. Duk ɗan finbol ya san dalili. In inji ya cije, gilashi ake zarewa a ɗaga farantin da ƙwallo ke gudu a kai, a leƙa ciki. In ka manta ƙwallayen suna aljihunsu ka ɗaga, sai su gangaro gaba ɗaya su farfasa duk abin da suka tarar. Gordy Zastrow, mai gyaran famfo, ya taɓa yin wannan kuskure shekara takwas da suka wuce, ya fasa wata 'yar roba da ba ta kai farce ba. Norbert ya kore shi wata guda, kuma har yau duk Kirsimeti sai ya ba da labarin a gaban matar Gordy.

To, a watan Janairu, ƙanƙara ta rufe ƙofar kowa, sai kamfanin Bramblett na Chicago ya ce zai fitar da sabon inji na Kyaftin Halvor da Dodon Tafki, wasan talabijin ɗin nan da duk wanda ya tashi a yankinmu ya girma da shi. Guda ɗari huɗu kacal za a ƙera, kowanne da lambarsa a kan farantin tagulla, kuma ƙarfe tara na safiyar Talata za a buɗe sayarwa. Norbert ya ce shekara talatin yake jiran wannan rana. Tun ƙarfe bakwai ya zauna gaban kwamfuta da katin bankinsa a hannu.

Tara na bugawa hotuna suka fito. Ga jirgin ruwa, ga dodo da wuyansa kore, ga fitilu kamar ranar biki. Ga kuma kyaftin, amma ya juya baya. A kan faranti ƙeya, a kan allon sama da ke tsaye bisa kan injin ƙeya, a gefen akwati ƙeya. Ashe kamfanin ya samu izinin sunan wasan da jirgin da kiɗan, amma magadan ɗan wasan da ya fito a kyaftin sun hana fuskar ubansu.

Norbert ya manta da maɓallin saye. Ya garzaya dandalin masu finbol na intanet ya fara rubutu, ya kawo aibu goma sha ɗaya, kowanne da hujjarsa, ya koma ya gyara waƙafi. Minti arba'in da bakwai ya ɗauka. Da ya gamsu cewa ya koya wa Chicago hankali, sai ya koma don ya sayi nasa. Babu ko ɗaya. Tun minti na shida suka ƙare.

A daidai lokacin matarsa Marlys ta sauko matakala tana murmushi, da wata ambulan a hannunta.

“Norb, tsaya ka ji wani abu.”

“Ba abin da zan ji! Kin ga abin da suka yi? Ƙeya! Mutum ya zuba dukiyarsa ya zauna yana kallon ƙeyar wani ƙato? Na rantse, ranar da wannan tarkacen ya shigo gidan nan, da gatari zan tare shi a bakin ƙofa.”

“Ai abin da zan faɗa maka ke nan...”

“Marlys, don Allah, maza suna cikin baƙin ciki.”

Ta dube shi, ta ninke ambulan ɗin ta sa a aljihun rigarta, ta koma sama.

Ranar Asabar ɗakin ya cika, ba wata magana sai ta sabon inji. Bernadine Oyen, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya mai shekara saba'in da biyu, wadda babu namijin da ya taɓa doke ta a wasa a ƙungiyar, ta saki fikafikai ta juyo.

“Na ga wasiƙarka a dandali, Norb. Doguwa. Da ka gama, ka samu saye kuwa?”

“Ni? Ƙi na yi.”

“Ka ƙi, ko ya ƙi ka?”

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Norbert suka yi ja. Borin kunya kuwa ba abin da ba ya sa mutum. Ya hau kan akwatin lemo ya buga ƙirji.

“Ku saurara! Abin da injiniyoyi sittin suka kasa a Chicago, ni zan yi shi a ɗakin nan da hannu biyu. Nasu fikafikai uku ne, nawa shida. Nasu ƙwallo shida, nawa goma sha biyu. Tafkinsu roba ce, nawa ruwa ne na gaske. Kuma kyaftin ɗina zai dubi mutum ido da ido. Ranar soyen kifi za ku gani a zauren coci.”

Gordy, wanda ba ya cika magana ba, ya kurɓi kofinsa ya ce, “Ruwa da lantarki, Norb?”

“Kai da ba ka san a cire ƙwallaye ba, kai za ka koya mini?”

Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa. Washegari Norbert ya ɗauko sukurdireba ya tsaya gaban injinansa uku, don ba shi da wani wurin samun kaya sai jikinsu. Marlys ta leƙo daga saman matakala.

“Norb, kafin ka kwance komai, ba ni minti ɗaya.”

“Bayan Ista.”

Ya zare hanjin na farko ya ɗauki akwatinsa. Ya kwashe fikafikan na biyu. Na ukun, tsohon inji mai ƙararrawa wanda Bernadine ke cewa don shi take zuwa, ya cire masa ƙararrawar da wayoyin, ya jingine gawarsa a bango. Asabar ta gaba mutane suka zo suka tarar ba abin bugawa. Ya zaunar da su kan kujeru ya yi musu bayanin zane na awa biyu, suna cin cukun Marlys suna kallon agogo.

Sai aka zo kan fuska. Norbert ya daɗe yana cewa mutane na gaya masa yana kama da Kyaftin Halvor, ko da yake ba a taɓa samun wanda ya amsa cewa shi ya faɗa ba. Ya kafa madubi, ya sa hular jirgin ruwa, ya kwana uku yana shafa fenti a allon sama. Da ya gama ya kira Marlys ta zo ta ga aiki.

Ta daɗe tana kallo. “Dodon ya yi kyau.”

“Kyaftin ne!”

“To. Norb, wannan ne karo na uku. Akwai maganar da nake son...”

“In maganar injin can ce, kada ki ɓata bakinki. Duk wanda ya saye shi jaki ne. Wanda kuwa ya saya wa wani a matsayin kyauta, jakuna biyu ne a fata ɗaya.”

 Marlys ta hau sama, ta sa rigar sanyi, ta fita, ba ta dawo ba sai bayan awa guda. A ranar, dankali ya ci ba gishiri, bai ma lura ba.

Asabar na zagayowa Gordy ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga takalmansa, ya ce a hankali, “Na samu gurbin sayen sabon injin. Wani ya fasa, ya bar mini nasa. Farkon Maris za a kawo.”

Ɗaki ya ɗauki sowa. Norbert ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a wuya, don ya san abin da hakan ke nufi. In injin Gordy ya fi, Asabar ta tashi daga gidansa. Amma bakinsa bai san tsoro ba.

“Wanda ya fasa ɗin nan, a kawo mini shi in gaishe shi. Shi kaɗai ne mai hankali a jihar nan. Ka kawo naka zauren coci, Gordy, a jera su, Bernadine ta buga duka biyun, jama'a su gani.”

“An gama,” in ji Bernadine. “Zan sa gilashin idona mai kyau.”

Daga nan aiki ya koma gadan-gadan. Norbert ya ce fikafikan kamfani ragwaye ne, ya sa wa nasa naɗin waya mai ƙarfi ninki uku. Gwajin farko, ƙwallo ya tashi ya fasa gilashi, ya wuce ta gefen kunnensa, ya sami kantar da Marlys ke jera kwalaben kokwambar da ta jiƙa tun kaka. Kwalba tara suka tafi. Mako guda gidan yana warin tsami, har ma'aikacin gidan waya ya tambaya ko wani abu ya mutu.

Sai tafki. Ya yanke rami a ƙarshen faranti, ya dasa tasa, ya ja mata famfo, ya zuba ƙananan kifaye shida na tarkon masunta. Ya kira maƙwabta su shaida. Ya danna maɓalli, sai ji kake fau! Wutar layinmu gaba ɗaya ta ɗauke, tun daga gidansa har shagon aski. Wanzamin ya fito da abokin cinikinsa da rabin kai a aske, suna tambayar wa ya mutu. Aka sami Norbert zaune a ƙasa, ragowar gashinsa a tsaye, yana cewa laifin kamfanin lantarki ne da ba su saba da babban aiki ba.

Gordy ya leƙa cikin tasar. “Kifayen dai sun dahu. A kai wa Fadan coci ya haɗa da na Juma'a.”

“Gwaji ne. Kowane babban injiniya yana gwaji.”

“Ka rufe ruwan nan a kwalba, Norb. Shawarar mai famfo ce, kyauta.”

Norbert ya ce ba ya karɓar shawara daga abokin gaba. Bayan kwana biyu ya rufe ruwan a cikin ƙatuwar kwalbar kokwamba, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, ya kafe ta a ƙarshen faranti, ya ce tun farko haka ya tsara.

Ranar Juma'ar soyen kifi ta zo. Ƙarfe huɗu za a fara, ƙarfe goma na safe maza huɗu suka zo ɗaukar inji. Nan aka gane ba a fafe gora ranar tafiya. Duk injin finbol ana ninke kansa a kwance ƙafafunsa kafin a fitar da shi. Norbert kuwa, don fikafikai shida su samu wuri, ya ƙara wa akwatin faɗi, sa'an nan ya manne kan da gam ya bi da ƙusoshi, wai kada ya yi rawa. Gordy ya zaro tef ɗin awo ya auna inji, ya auna ƙofa, ya sake aunawa.

“Ya fi ƙofar da inci biyar.”

“Tef ɗinka ne ya miƙe.”

“Na ƙarfe ne, Norb.”

Aka cire ƙyaure. Bai wuce ba. Aka ɓalle katakon bakin ƙofa. Saura inci biyu. Norbert ya ɗauko zarto ya yanke madafar matakala, wadda mahaifin Marlys ya sassaƙa da hannunsa, Marlys tana tsaye a sama ta harɗe hannuwa tana kallo. Da faɗi ya yi, sai nauyi ya ƙi. Maza huɗu suka yi nishi har ɗaya ya ce bayansa ya amsa. Norbert ya ce abu mai sauƙi ne. Ya kwanta a ƙasa ya kwance kaurin katakon gindin akwatin, ya maye shi da siririn falanki irin na bayan kabad.

“Wannan ba zai riƙe komai ba,” in ji Gordy.

“Me zai riƙe? Iska ce kawai a wurin.”

Ƙarfe uku da rabi, da igiya da addu'a, inji ya fito tsakar gida. Maƙwabta sun jeru a bakin shinge da kofunan kofi a hannu kamar masu kallon fareti. Wata tsohuwa ta ga fuskar da ke allon sama ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

Zauren coci ya cika maƙil, ƙamshin kifi da soyayyen dankali ya gauraye ko'ina, Fada Ambrose da kansa yana zagayawa da tire. A gaban zaure an jera inji biyu. Na Gordy yana ta walƙiya yana kiɗan nan da kowa ya sani tun yana yaro, har manyan mutane suna bi da baki. Kusa da shi na Norbert, ya fi shi faɗi, ya fi shi tsawo, yana wani irin gurnani kamar tsohon firiji.

Bernadine ta fara da na Gordy. Minti ashirin tana kan ƙwallo ɗaya, dodo yana fitowa tana dukansa, jirgi yana busa, jama'a na tafi. Da ta gama ta share hannunta ta ce, “Ba laifi.” A bakin Bernadine wannan yabo ne babba.

Norbert ya karɓi makirufo daga hannun Fada ba tare da an ba shi ba. “Jama'a, kun ga aikin kamfani. Yanzu za ku ga aikin hannu. Ku matsa baya kaɗan, mai ciwon zuciya ya zauna.”

Bernadine ta ja maharbi ta saki. Ƙwallo ya tashi, ya bugi ƙararrawa sau ɗaya, ting, ya zagaya bayan kwalbar ruwa, ya maƙale. Shiru. Ta danna fikafikai, duka shidan suka buga tare da ƙara kamar an rufe ƙofar mota, ƙwallo ko gezau.

“Shi ke nan wasan?” in ji ta. “Ko in jira?”

“Ɗan ƙaramin abu ne! Minti ɗaya!”

Wani daga baya ya ce, “Kyaftin ɗin ma kuka yake son yi.” Dariya ta fara yaɗuwa daga teburi zuwa teburi. Gumi ya karyo wa Norbert. Ya zare gilashi da sauri ya miƙa wa wani, ya kama bakin faranti da hannu biyu.

Gordy ya miƙe tsaye. “Norb! Ƙwalla...”

“Kada ka koya mini aikina!”

Ya ɗaga faranti har sama.

Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ƙwallaye goma sha ɗaya da ke aljihu suka gangaro a jere, suka tarar da ɗan'uwansu a bayan kwalba, suka yi mata taron dangi. Kwalba ta tarwatse, ruwa ya kwarara kan wayoyi, hayaƙi ya turnuƙe. Ƙwallayen suka faɗa cikin akwati, siririn falankin nan ya ce ba da shi ba, ya ɓarke, suka zubo kan daɓen zaure suka watse ko'ina. Mata suka ɗage ƙafafu. Wani dattijo ya hau kujera da farantinsa. Fada Ambrose, wanda ke tahowa da tire cike da kifi, ya taka ɗaya, ya yi tafiyar da bai shirya ba har tsawon teburi biyu, ya zauna daɓas, kifi ya sauko masa a cinya. Allon sama ya yi wani ɗan ƙara, fuskar kyaftin ta tsage gida biyu.

Da hayaƙi ya lafa, sai aka ji muryar Bernadine a sarari. “Wata nawa ne hukuncin, Norb? Na Gordy roba ɗaya ce, wata guda. Kai ka kayar da Fada.”

Zaure ya fashe. Har Fada, yana tsince dankali daga rigarsa, kafaɗunsa rawa suke yi. Ba a ma jira an share wuri ba aka ce a ɗaga hannu. Masu son garejin Gordy, hannu goma sha uku. Masu son ɗakin Norbert, hannu ɗaya, shi ma baƙi ƙirin da toka.

Mai hankali da sai ya nemi ƙofa. Norbert kuwa ya nufi injin Gordy yana zagaya shi, yana neman aibun da zai tafi da shi gida. Ya kuwa samu. A ƙasan gilashi, inda farantin tagulla yake, an manna baƙin salatif.

“Aha! Jama'a ku zo ku gani! Sabon inji, ko wata bai yi ba, har an fara yi masa faci! Me kake ɓoyewa, Gordy? Tsagewa ya yi?”

“Bar shi, Norb. Don Allah bar shi.”

“In bar shi? A gaban jama'a za a tone!”

Ya sa farce ya ɓanɓare salatif ɗin, ya sunkuya, ya fara karantawa da ƙarfi don na baya su ji. “Lamba ta tamanin da takwas cikin ɗari huɗu. Na Norbert, kyaftin ɗina, daga Mar...”

 Zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai wani ƙwallo da ke gangarawa can ƙarƙashin tebur.

Gordy ya sosa ƙeya. “An riga an zana sunan kafin ta bar mini. Kamfani ya ce ba a canzawa. Na rufe ne don kada ka gani.”

Marlys tana bayan teburin rabon abinci da cokali a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. “Tun watan Oktoba na sa suna wurin dillali, da aka fara raɗe-raɗin zai fito. Kyautar cikarmu shekara talatin da biyar da aure ce. Sau uku na ce ka tsaya ka ji. Na farko ka ce gatari, na biyu ka ce bayan Ista, na uku ka ce jakuna biyu a fata ɗaya.” Ta zuba wa na gabanta kabeji. “Ka kuma ce a kawo maka wanda ya fasa ka gaishe shi. Ga ni.”

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, kuma hakan ya fi dariyar ciwo.  Norbert ya juya ya bi tsakiyar zaure ya fita, jama'a na kallon bayansa har ya ɓace.

Asabar biyu bai fito ba. Ya zauna a ɗakin ƙasa tsakanin gawar inji uku, ba ƙyaure, ba madafar matakala, yana jin motoci suna wucewa zuwa gidan Gordy. Ya gyara madafar da hannunsa, ta fito a karkace, Marlys ta duba ta ce ta gani. A Asabar ta uku ita ce ta miƙo masa hularsa ta ce ya tashi ya tafi, ta gaji da jin tsakinsa ta cikin daɓe.

Ya tarar da gareji cike. Allonsa na CIRE ƘWALLAYE yana rataye a bango, Marlys ta ba da shi kyauta.  Ya bi layi kamar kowa, ya jira mutum tara, ya tsaya gaban injin da sunansa ke jiki, ya ja maharbi. Ƙwallayensa uku suka zurare kafin kiɗan ya kai rabi. Ya tsaya yana kallon allon sama, ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

“Amma fa in kun lura,” in ji shi, “ƙeyar nan tasa irin tawa ce sak.”

“Ƙwarai kuwa,” in ji Bernadine, tana ture shi gefe don layinta ne. “Duk mun gan ta ranar da ka fita daga zauren coci.”